Yadda Ƙananan Zaruruwa Ke Daidaita Sahu a Cikin Maganaɗisu Mai Ƙarfi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai da ɗalibai, barkanmu da yamma.

Kowa ya san idan aka barbaɗa garin ƙarfe a kan takarda, aka kara mayen ƙarfe a ƙarƙashi, garin zai jeru layi-layi. Wannan ba abin mamaki ba ne, ai ƙarfe ne. Maganarmu ta yau a kan zaren da babu ɗigon ƙarfe a jikinsa take: zaren da ake cirowa daga auduga, zaren kabon, zaren da jini ke saƙawa idan zai daskare, da zaren kolajin na fata da jijiya. Idan aka dama irin waɗannan a ruwa aka cusa su cikin maganaɗisu mai ƙarfi, su ma juyawa suke yi su daidaita sahu. Wasu su miƙe su bi layin maganaɗisun, wasu kuma su kwanta a gicciye.

Mu fara da ma'auni, don mu san me ake nufi da "mai ƙarfi". Da tesla ake auna ƙarfin maganaɗisu. Na ƙasar da muke takawa, wanda ke juya allurar kamfas, bai kai tesla 1 cikin 10,000 ba. Mayen ƙarfe na neyodimiyam, irin wanda ke cikin lasifikar waya, yana ba da kusan rabin tesla a fuskarsa. Injin MRI na asibiti yawanci tesla 1.5 ne ko 3. Na ɗakin bincike, mai waya da ake sanyayawa da ruwan hiliyam, yana kaiwa 10 zuwa 20. A Tallahassee ta jihar Florida a Amurka akwai mai tesla 45, a Hefei ta ƙasar Sin kuma an kai 45.22 a shekarar 2022. Ku riƙe waɗannan lambobi, domin duk lissafin da za mu yi, ƙarfin maganaɗisu sau kansa yake shiga. Ka ninka ƙarfin sau 10, tasirin ya ninku sau 100.

To me ke juya abin da ba ƙarfe ba? Tun 1845 Michael Faraday ya nuna cewa kusan kowane abu yana amsa wa maganaɗisu, sai dai galibinsu ƙinsa suke yi, ba sonsa ba. Ilektaron da ke kewaya cikin ƙwayoyin abu, idan maganaɗisu ya ratsa su, sukan ɗan canza tafiya ta yadda za su haifar da wani ɗan ƙaramin maganaɗisu mai adawa da na waje. Ruwa haka yake, itace haka, naman jikinmu haka. Adawar ba ta da yawa: ta ruwa kashi 9 ne cikin miliyan. Kuma adawa kaɗai ba ta juya komai. Abin da ke juya zare shi ne a ce adawar da yake yi ta tsawonsa ta bambanta da wadda yake yi ta gicciyensa. Mai faskare ya san itace ba ɗaya yake ta ko'ina ba, ta tsawo yake tsagewa, ta gicciye sai an sara. Haka zare yake ga maganaɗisu. Zai juya har sai ya miƙa wa layin maganaɗisun ɓangaren da adawarsa ta fi rauni. Wannan bambanci na tsaye da gicciye shi ne jigon maganar, kuma daga nan zan riƙa ce masa "bambancin" kawai.

Akwai kuskuren da ɗalibai ke yawan yi a nan. Sukan ɗauka tunda zare dogo ne, dole ya bi layi kamar allura. Ga allurar ƙarfe haka ne, siffarta ce ke juya ta. Ga zaren da ba ƙarfe ba, tasirin siffa yana tafiya ne da adawar sau kanta, wato kusan 1 cikin 100,000 sau 1 cikin 100,000, abin da bai kai a kula shi ba. Tsarin ciki ne ke yanke hukunci. Zaren kabon an gina shi da shimfiɗun girafait, irin bakin fensir, kuma shimfiɗun sun bi tsawon zaren. Girafait yana tsananin ƙin maganaɗisun da ya huda shimfiɗarsa ta sama, amma wanda ya bi gefenta bai dame shi sosai ba. Don haka zaren kabon yakan miƙe ya bi layi. Fibirin, wato zaren da jini ke saƙawa, shi ma yana bin layi. Selulos na auduga da itace kuwa a gicciye yake kwanciya, haka ma kolajin. A 1978 David Worcester ya bayyana dalilin na furotin: mahaɗin da ke sarƙe 'ya'yan furotin shimfiɗaɗɗe ne, kuma yadda waɗannan shimfiɗu suka fuskanci tsawon zaren shi ke sa wani ya bi layi wani ya gitta. Idan aka kawo maka sabon zare, ba za ka iya faɗin inda zai fuskanta da ido ba, sai ka san ginin cikinsa ko ka gwada.

Yanzu tambaya ta farko da mai wannan aiki zai yi wa kansa: zaren nan zai juya kuwa? Domin ruwa ba a zaune yake ba. Ƙwayoyinsa kullum cikin karo da zaren suke, suna kaɗa shi nan da can, motsin da Robert Brown ya lura da shi a 1827. A zafin ɗaki, ƙarfin wannan kaɗawa ya kai kusan jul 4 (jul shi ne ma'aunin kuzari) an raba da 1 mai sifili 21 a bayansa, ɗan mitsitsi, amma shi ne ma'aunin da za a gwada komai da shi. A ɗaya gefen akwai ribar da zare ke samu idan ya juya. Lissafinta shi ne bambancin, sau girman jikin zaren, sau ƙarfin maganaɗisu sau kansa, a raba da 2.5 cikin miliyan. Idan ribar ba ta kai ƙarfin kaɗawar ba, zaren zai ci gaba da watangaririya kamar babu maganaɗisu a wurin. Idan ta ninka shi sau 10 ko fiye, an samu sahu mai kyau.

Mu saka lambobi. Ɗauki ƙwayar selulos da aka ciro daga auduga: tsawo nanomita 150, kauri nanomita 10. Nanomita ɗaya shi ne milimita ɗaya an raba ta gida miliyan. Bambancin selulos kusan 1 ne cikin miliyan. A tesla 10, ribar ba ta wuce kashi 15 cikin 100 na ƙarfin kaɗawa ba. Wato ka kashe kuɗin hiliyam, ka kunna ƙaton maganaɗisu, zaren ko a jikinsa. Shi ya sa a 1992, da Sugiyama da Chanzy da Maret suka nuna selulos na kwanciya a gicciye a tesla 7, ba da na auduga suka yi ba. Da na wata halittar teku mai suna tuniket suka yi, wadda ƙwayoyin selulos ɗinta suka kai maikiron ɗaya, wato nanomita 1,000, ko fiye a tsawo. Girman ya ninku fiye da sau 10, ribar ta haura kaɗawar.

Sai ka juyo ga zaren kabon da aka niƙa: kauri maikiron 10, tsawo maikiron 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Mu ɗauka bambancinsa 1 ne cikin 10,000, kamar yadda ake samu a nau'in da aka gasa sosai. A kashi ɗaya cikin goma na tesla kacal, ribarsa ta ninka ƙarfin kaɗawa fiye da sau miliyan. Ga irin wannan zare kaɗawar ruwa ba magana ba ce kwata-kwata. Kun ga tazarar da ke tsakanin misalan nan biyu, kuma galibinta daga girman jiki ta zo, ba daga maganaɗisu ba.

Amma selulos na auduga yana da mafita, kuma ita ce ta fi ba ni sha'awa a duk fannin. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Idan aka ƙara yawan ƙwayoyin a ruwa har suka kai kamar kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nauyi, wuri yakan yi musu kaɗan, sai su fara jeruwa da kansu tun babu maganaɗisu, kamar ashana a kwali. Lars Onsager ya yi lissafin wannan tun 1949. Daga nan maganaɗisu ba da ƙwaya ɗaya yake hulɗa ba, da gungu yake yi, mai ƙwayoyi dubbai ko miliyoyi da ke juyawa tare. Girman da za ka saka a lissafi na gungun ne. Sai ka ga tesla ɗaya, ko ƙasa da haka, ya yi abin da tesla 10 ya kasa, sai dai a hankali, cikin mintoci ko sa'o'i. Selulos ba ya jeruwa a miƙe sak, hawa-hawa yake yi, kowane hawa ya ɗan karkace daga na ƙasansa kamar matakalar hasumiya. Da yake kowace ƙwaya gicciye take so, sandar tsakiyar matakalar ce ke bin layin maganaɗisu. Idan ruwan ya bushe a haka, ana samun fatar da ke walƙiya da launi kamar bayan ƙwaro, ba tare da an sa rini ba.

Ga mai son haɗa wannan ruwan: ana dafa auduga ko takardar tacewa a asid na salfa mai ƙarfin kashi 64 cikin 100, a digiri 45, na kimanin minti 45, ana motsawa. A tsayar da aikin da ruwan sanyi ninki 10. A juya a santirifuj, injin da ke wulwula ruwa har ƙwayoyin su kwanta, a zubar da ruwan sama, sannan a zuba a jakar dayalisis, wadda asid ke ratsawa amma ƙwayoyin ba sa fita, a riƙa canza ruwan tsarki na kwanaki har asid ya fita. A ƙarshe a girgiza da na'urar sauti mai ƙarfi don ƙwayoyin su rabu. Idan zafi ya yi yawa ko asid ya wuce ƙima, audugar za ta ƙone ta yi baƙi-baƙi ko ta narke ta koma sukari. Idan gishiri ya shiga, ko na ruwan famfo ne, cajin da ke raba ƙwayoyin zai raunana, ruwan ya kame kamar kamu, kuma abin da ya kame ba ya juyawa.

Tambaya ta biyu: a cikin wane lokaci zai juya? Nan kaurin ruwa ke shigowa. Tsunehisa Kimura na Japan da abokan aikinsa sun yi aiki mai yawa a kan wannan. Akwai wani lokaci na asali da ake lissafawa: kaurin ruwa a sama, bambancin da ƙarfin maganaɗisu sau kansa a ƙasa, sai wata lamba da ta dogara ga siffa. Ku lura, girman zare bai shiga ba. Babba da ƙarami, muddin tsawo da kaurinsu rabo ɗaya ne, tare za su juya, domin abin da babban ya samu na ƙarfin juyi ya biya shi wajen ture ruwa. Siffa kuwa tana da nauyi: zaren da tsawonsa ya ninka kaurinsa sau 20 ya fi dunƙulallen abu jinkiri kusan sau 37.

Zaren kabon ɗinmu a ruwa zalla, a tesla ɗaya, lokacinsa na asali bai fi daƙiƙa 3 cikin 1,000 ba. Kafin ka ƙifta ido ya miƙe. A robar silikon mai ruwa wadda kaurinta ya ninka na ruwa sau 1,000, wato kamar gilisarin, lokacin ya zama daƙiƙa 3. Idan maganaɗisun rabin tesla ne, ya zama 11. Kuma wannan lokaci ba shi ne na kammalawa ba. Zaren da ya fara a karkace digiri 80 daga layi yana buƙatar ninki 4 na lokacin kafin ya dawo digiri 5. Wanda ya fara a digiri 89 yana buƙatar ninki 6 da rabi, saboda a daidai gicciye babu abin da ke ture shi hagu ko dama, kamar tulun da ya zauna daidai a kan gammo. Don haka ƙa'ida mai sauƙi ita ce ka ba shi aƙalla ninki 10. Selulos da bambancinsa ya gaza na kabon sau 100, sai an kai shi tesla 10 kafin ya yi saurin da kabon ke yi a tesla ɗaya.

Yanzu bari mu haɗa gwaji ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, wanda kowane sashen fiziks zai iya yi ba tare da hiliyam ba. A samu tubalan neyodimiyam biyu, milimita 50 sau 50, kauri 25. A kafa su a firam ɗin ƙarfe mai siffar kofaton doki, suna fuskantar juna, arewa na kallon kudu, da ratar milimita 10. A tsakiyar ratar za a samu rabin tesla ko fiye. A yi hattara wajen kafawa, domin jan da ke tsakaninsu ya kai nauyin buhun siminti, kuma yatsan da ya shiga tsakani ba ya fitowa lafiya. Da katako ake raba su, a zuro ɗaya ta gefe a hankali, a ɗaure da noti.

Zaren a nemi wanda aka yi daga kwalta, ba wanda aka yi daga akirilik ba. Na akirilik shi ya fi yawa a kasuwa, amma shimfiɗun girafait ɗinsa ba su tsaru sosai ba, bambancinsa ƙarami ne, juyinsa a hankali. A busar da shi a digiri 100 na sa'a guda. A auna giram 2.2 ga kowace mililita 100 ta silikon, wanda ya yi daidai da kashi 1 cikin 100 na girma. A dama da sandar roba ko ta gilashi, ban da cokalin ƙarfe. A saka a tukunyar zuƙe iska har kumfa ta daina tasowa. A zuba a mazubin gilashi ko na roba mai zurfin milimita 2, a rufe da murfi, a zura shi daidai tsakiyar ratar, a bar shi nan har ya daskare. A zuba ragowar a mazubi na biyu a ajiye nesa da maganaɗisu. Wanda bai yi wannan na biyun ba, ba shi da abin da zai kwatanta da shi, kuma sakamakonsa ba hujja ba ne.

Agogo uku ke tafiya a cikin mazubin nan, kuma nasarar aikin ita ce su zo bi da bi. Na farko lokacin juyi, ninki 10 na daƙiƙa 11, wato minti biyu ya isa. Na biyu lokacin daskarewa. Na uku lokacin nutsewa, domin zaren kabon ya fi silikon nauyi fiye da ninki biyu. A ruwa zalla yana nutsewa santimita ɗaya cikin kusan rabin minti. A silikon ɗinmu, milimita ɗaya a sa'a. To idan silikon ɗin mai daskarewa cikin sa'a 24 ne, kafin ya kama duk zaren ya taru a gindi, kuma wanda ya taɓa ƙasa nauyinsa da na 'yan'uwansa kan danne shi. Idan kuma mai kamawa cikin minti biyar ne, kaurinsa zai fara hawa tun zaren bai gama juyawa ba, a same shi a karkace. Abin nema shi ne wanda zai ba ka minti 10 yana ruwa, ya kama kafin rabin sa'a. Mutane kan yi dabarar ɗumama shi don ya yi saurin kamawa. Dabarar na aiki, amma da sharaɗi biyu. Zafi kan fara tsinka ruwan kafin ya daskarar da shi, sai nutsewa ta ƙaru, kuma idan gefe ɗaya ya fi ɗaya zafi ruwan zai fara kewayawa ya kwashe sahun. Sannan neyodimiyam na gama-gari yana rasa ƙarfinsa har abada idan ya wuce digiri 80. Wani abu kuma: silikon mai haɗi biyu da ke kamawa da filatinam ba ya shiri da salfa. Safar hannu ta latas kaɗai ta isa ta sa ya ƙi daskarewa, ya zauna da danƙo.

Sai cunkoso. Zaren da tsawonsa ya ninka kaurinsa sau 20 yana da sararin juyawa shi kaɗai ne idan yawansa bai wuce 1 cikin 400 na girman ruwan ba. Daga nan zuwa kashi 5 cikin 100 suna gogar juna amma suna wucewa, lokacin juyi na ƙaruwa. Bayan haka sukan sarƙe kamar ƙaya. Kamfanonin Japan da ke yin shimfiɗar roba mai fitar da zafi daga na'urorin lantarki da wannan hanya suna cusa zare mai yawa, shi ya sa suke amfani da maganaɗisu mai tesla da dama, wasu kuma su haɗa da girgiza mazubi don zaruruwan su saki juna. Dalilin wahalar a fili yake: zaren kabon na kwalta mai kyau yana tafiyar da zafi ta tsawonsa fiye da jan ƙarfe, silikon kuwa kusan ba ya tafiyar da shi. Idan zaruruwan sun tsaya daga fuska zuwa fuska, zafi ya samu gada. Idan sun kwanta, an yi asarar kuɗin zare.

Abu biyu kuma ke ɓata sakamako ba a sani ba. Ɗaya gurɓatar ƙarfe. Ɗan burbushin ƙarfe daga injin niƙa, wanda ido ba ya gani, yana iya rinjayar bambancin zaren gaba ɗaya, har ka ga selulos ya bi layi ka ɗauka ka gano sabon abu. A wanke zare da asid mai rauni, a kuma gwada shi da ƙaramin mayen ƙarfe tukuna: idan ya biyo, akwai ƙarfe. Na biyu rashin daidaiton ƙarfin maganaɗisu. Inda ƙarfin yake bai ɗaya, juyi kawai ake samu. Inda yake raguwa, kamar gefen tubali ko bakin ramin babban maganaɗisu, akwai turi, kuma turin nan ne ya ɗaga kwaɗo mai rai a iska a Nijmegen ta Holan a 1997, a tesla 16. Idan mazubinka ya kai gefe, zaren zai yi ƙaura ya taru a wuri ɗaya, layin ma a can a lanƙwashe yake. Mazubi kada ya wuce rabin faɗin tubalin.

Masu kwanciya a gicciye suna da tasu matsalar. Gicciye ba fuska ɗaya ba ce. Idan layin maganaɗisu a tsaye yake, zare na iya kwanciya gabas, ko kudu, ko tsakaninsu, duk ya cika sharaɗi. An samu tabarma, ba a samu sahu ba. Maganin shi ne a riƙa juya mazubin a kan sandar da ta gitta layin maganaɗisun. Ga zaren, maganaɗisun ne ke kewaya shi, kuma fuska ɗaya tak ta rage wadda ke gicciye a kowane lokaci, ita ce ta sandar juyin. Can zai miƙe. Sharaɗin shi ne juyin ya fi lokacin asali sauri sosai, in ba haka ba zaren zai riƙa bin maganaɗisun yana kewayawa tare da shi. Farashin kuma, lokacin jeruwa ya ninku biyu. A cika mazubi fal babu iska, a tayar da juyin sannu a hankali, don kada ruwan ya yi ta tambal-tambal a ciki.

Na jini da kolajin sun sha bamban da duk waɗannan, domin a cikin maganaɗisun ake haifar zaren. Jim Torbet da abokansa a Grenoble ta Faransa sun nuna haka da fibirin a 1981. Ƙwayar fibirinojin ɗaya, wato tubalin da ake gina fibirin da shi, tsawonta nanomita 45 ne, ta yi ƙanƙanta ƙwarai. Da an sa mata turombin, sinadarin da ke sa jini daskarewa, sai ƙwayoyin su fara haɗuwa, zare na tsawo yana kauri. Akwai ɗan tsakanin da zaren ya yi girman da zai juya amma bai riga ya sarƙe da maƙwabtansa ba. Duk aikin shi ne a faɗaɗa wannan tsakani: turombin kaɗan, zafi ƙasa-ƙasa. Wanda ya zuba turombin da yawa zai samu gudan jini cikin daƙiƙoƙi, zaruruwa a hargitse, ko da tesla 20 ne. Kolajin kuma ana ajiye shi a ruwan asid a kan ƙanƙara, miligiram 1 zuwa 3 a mililita. A kashe asid ɗin zuwa 7.4 a ma'aunin asid na pH yana cikin sanyi, a saka a maganaɗisu tukuna, sannan a ɗumama a hankali zuwa digiri 37. Idan ya ɗumama a hanya kafin ya shiga, an makara. A Jami'ar Minnesota, ƙungiyar Robert Tranquillo ta yi amfani da irin wannan kolajin mai sahu ta nuna cewa jijiyar da ke tsirowa tana bin sahun, abin da ake fata zai taimaka wajen haɗa jijiyar da ta yanke.

Ta yaya za a san an samu sahu? Zaren kabon a yanka robar a duba a madubin ƙara girma, a auna kusurwar zare 200 ko fiye, ba a zaɓi wuri mai kyau a ɗauki hoto ba. Masu haske-haske kamar selulos da kolajin ana sa su tsakanin gilasan tace haske biyu da aka gitta. Idan a hargitse suke, duhu ko dabbare-dabbare za a gani. Idan da sahu, in ana juya samfurin zai yi haske ya yi duhu sau huɗu a kewaye ɗaya. Akwai lambar da ake bayarwa: 1 cikakken bin layi, sifili hargitsi, rabi ƙasa da sifili cikakken gicciye. Kuma a tuna sahu ba ya zama idan ba a kulle shi ba. Ƙwayar selulos guda, da an cire maganaɗisu, ba ta kai daƙiƙa ɗaya cikin dubu ba ta manta inda ta fuskanta. Zaren maikiron 200 kuwa sai ya fi kwana a ruwan da ba a taɓa ba, domin wannan mantuwa da tsawo sau kansa sau uku take tafiya.

Ga wanda ba shi da babban maganaɗisu akwai hanyar da ƙungiyar André Studart ta Zurich ta wallafa a 2012. Ana manna wa zare ko ɓawon abu 'yan ƙwayoyin tsatsar ƙarfe masu girman nanomita, kaɗan ƙwarai, ta hanyar bambancin caji a ruwa. Daga nan tesla 1 zuwa 10 cikin 1,000 ya isa. Amma a sani an canza wasan: yanzu siffa ce ke mulki, kowane zare layi zai bi, kuma idan tsatsar ta yi yawa zaruruwan za su kama juna baki da baki su yi sarƙa.

Wanda kuma zai shiga ɗakin babban maganaɗisu: akwai layin da ake zanawa a ƙasa inda ƙarfin ya kai rabin tesla cikin 1,000. Mai na'urar bugun zuciya ba ya ƙetare shi. Sukundireba, makulli, tukunyar gas, duk a waje. Maganaɗisun hiliyam a kunne yake ko an ɗauke wuta. Idan ya ɓaci farat ɗaya, kowace lita ta ruwan hiliyam tana zama iska lita 700 da wani abu, ta kore iskar shaƙa daga ɗakin. A fita kawai.

An miƙo tambaya a takarda, ana cewa: Malam, shin wannan ya shafi masu sikila? Ya shafe su ta fuskar bincike. Idan iskar oksijin ta yi ƙaranci, himogulobin mai sikila, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jininsa, yakan haɗu ya zama dogayen zaruruwa a cikin ƙwayar jini, su ne ke lanƙwasa ta kamar lauje. A 1965 Makio Murayama ya nuna cewa irin waɗannan ƙwayoyi suna kwanciya a gicciye a maganaɗisun da bai wuce tesla 0.35 ba. Dalilin da ƙaramin ƙarfi ya isa shi ne wanda muka faɗa: zaruruwan a ɗaure suke dami guda, ga kuma ƙarfen da ke cikin himogulobin, wanda ke amsa wa maganaɗisu idan babu oksijin a jikinsa. Amma juya ƙwaya daban, narkar da zaren da ke cikinta daban. Maganaɗisu ba ya warware lanƙwasar, kuma a jijiya gudun jini ya fi ƙarfin wannan juyi nesa ba kusa ba. Awarwaron maganaɗisu da ake tallatawa a kasuwa bai kai ko kusa da ƙarfin da Murayama ya yi aiki da shi ba idan an auna a cikin tsoka, kuma ko ya kai, ba zai hana ciwon tashi ba. Mai sikila ya riƙe maganinsa da shan ruwa da zuwa asibiti.

Akwai wata tambayar a baya can. Bismillah, ɗaga murya kaɗan.